Sufanar HCW-17 da bulalar SR-18.2: me suke iyawa idan sifiroket ya kafe a hob?

Abu biyu kacal ne a ɗaure a jikin hob ɗin baya, wato cibiyar tayar baya, na keke mai kafaffiyar giya, wanda fedarsa ba ta daina juyawa muddin taya na juyawa, mahaya kuma ke kira fiksi: sifiroket, wato ƙaramin faifai mai haƙora da sarƙa ke hawa, da zoben kulle da ke tare shi kada ya warware. Cire su aikin minti biyu ne idan da giris aka ɗaura su. Idan kuwa a bushe aka ɗaura, keken ya sha ruwan sama da ƙura shekara biyu ko uku, to nan ne ake gane kayan aiki na ƙwarai da na banza. Kamfanin Park Tool da ke jihar Minesota ta Amurka yana sayar da kayan aiki biyu don wannan aiki: HCW-17, sufana mai ƙugiya ta kwance zoben kulle, da SR-18.2, ƙarfe mai hannu da guntuwar sarƙa a bakinsa, wanda ake kira bulalar sarƙa. Hukuncinmu a kansu bai zo ɗaya ba. Sufanar ta cancanci kuɗinta, don in ba irinta ba, babu abin da zai maye gurbinta ba tare da ɓarna ba. Bulalar mai kyau ce, amma a ranar da sifiroket ya kafe da gaske, ba ita ce za ta fitar da kai ba.

Kafin a kai ga kayan aikin, sai an san yadda tiredin wurin yake, don da yawa daga cikin hob ɗin da suka lalace a hannun masu gyara ba tsatsa ce ta kashe su ba, juyi ne aka yi ta ɓangaren da bai dace ba. Hob ɗin fiksi na asali yana da tiredi hawa biyu. Na ciki, mai faɗi, na sifiroket ne: inci 1.37, wato kusan milimita 34.8, zare 24 a kowane inci, kuma na dama ne kamar kowane noti. Na waje ya fi ƙanƙanta, na zoben kulle ne, kuma na hagu ne. Saboda haka zoben yana kwancewa ne idan ka juya shi yadda hannun agogo ke tafiya, sifiroket kuma yana kwancewa idan ka juya shi saɓanin haka. Hikimar ita ce, duk lokacin da mahayi ya danne feda baya don ya tsaya, sifiroket yana ƙoƙarin warwarewa, sai ya goga jikin zoben ya ƙara tamke shi.

Ka duba da kyau kafin ka sa ƙarfi. Akwai masu ɗaura sifiroket a kan hob ɗin firiwil, wato na keken da ake iya daina taka feda yana tafiya, mai tiredi hawa ɗaya, su bi shi da zoben da aka ciro daga gindin feda. Wannan zobe tiredinsa na dama ne, girmansa ɗaya da na sifiroket. Wanda ya juya shi kamar zoben kulle na asali, ɗaure shi yake ƙara yi. Haska tocila bakin zoben: idan ba ka ga alamar tiredi ya sauko hawa ba, kuma ramin zoben ya yi faɗi ɗaya da na sifiroket, irin wannan ne, kuma sau da yawa an haɗa masa da gam ɗin tiredi.

HCW-17 farantin ƙarfe ne mai baki biyu, kowane baki da ƙugiya ɗaya, lanƙwasar ɗaya ta fi ta ɗayan faɗi kaɗan. Wannan lanƙwasa ita ce duk darajar sufanar. Ƙugiya ba ta aiki ita kaɗai: haƙorinta yana shiga tsagar zoben, bayanta kuma yana kwanciya a jikin zoben ya zama madogara. Idan lanƙwasar ta dace da zoben, haƙorin yana jan tsagar a miƙe. Idan ta yi faɗi, haƙorin yana ɗagowa ya tsaya a kan leɓen tsagar, da ka danna sai ya suɓuce ya tafi da ɓallin ƙarfe. Abin da ke faruwa ke nan ga masu amfani da HCW-5 ta kamfanin, wadda aka yi don zoben gindin feda da ya fi girma. Takan kama, amma kamun bai zauna ba. Ka gwada bakunan HCW-17 biyu a kan zobenka, ka zaɓi wanda bai bar rata tsakaninsa da jikin zoben ba.

Aibinta biyu ne. Gajera ce, kuma tunda baki biyu gare ta, ƙugiyar da ba ka aiki da ita tana cikin tafin hannunka lokacin da kake dannawa. Tsumma mai kauri ko safar hannu ta fata yana maganin wannan. Na biyu, ba abin da ke hana ta zamewa gefe, zoben kulle kuwa siriri ne. Dabarar da ke mayar da ita kayan aiki na gaske ba ta cikin kwalinta: ka sa sufanar a kan zoben, ka zura wani guntun bututu ko tarin manyan washa a kan aksil har su kai fuskar sufanar, sannan ka ɗaura notin aksil, wanda sufana mai lamba 15 ke kamawa, da yatsu kawai, yadda sufanar za ta iya juyawa amma ba ta da wurin fita. Da wannan za ka iya jingina nauyin jikinka a kanta ba tare da fargabar yatsunka za su faɗa cikin sifok ba. Da zarar zoben ya motsa, ka sassauta notin, in ba haka ba zoben zai tokare shi yayin da yake fitowa.

Akwai abin da ya kamata a yi kafin a taɓa zoben, kuma mutane da yawa suna tsallake shi. Keken da aka yi ta tsayar da shi da ƙafa, sifiroket ɗinsa ya riga ya ɗan ja baya ya matse zoben. Ba tsatsa ce ta riƙe zoben ba, sifiroket ne ya danne shi. Ka fara ƙara ɗaure sifiroket ɗin. Tun taya na jikin keke, ka tokara tayar gaba da bango, ka hau fedar da ke gaba ka danna da nauyinka duka sau biyu ko uku. Ko ka yi da bulala, ka juya yadda agogo ke tafiya. Motsin da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya sauke matsin, sai ka ga zoben da ya gagara ya saki da ɗan ƙarfi.

Yadda za ka tsaya ma yana da tasiri. Bar taya da iskarta a jikin rim, ka tsayar da ita a ƙasa, ka jingina ta da bango ko ƙafafunka. Idan kana fuskantar sifiroket, hannun sufanar ya miƙe zuwa damanka a kwance, ka danna ƙasa: wannan shi ne juyin da ke kwance zoben. Na bulala kuma akasin haka, hannun ya miƙe zuwa hagunka, ka danna ƙasa. Danni ɗaya mai nauyi a hankali ya fi fizga. Idan ya ƙi, ɗan bugu da gudumar roba ko ta katako a ƙarshen hannun sufanar, alhali kana riƙe da dannin, yakan fasa abin da ya haɗe tiredin.

Sauran sufanun da ake samu ba su da nisa da ita. Hozan na Japan yana da C-205, ita ma mai baki biyu, kuma masu gyaran keken tsere da yawa sun fi son kamunta. Wanda ya samu ɗaya daga cikin biyun ba ya buƙatar ɗayar. Abin da ya bambanta shi ne C-203 ta Hozan, filaya ce mai haƙora biyu da ke kama tsaga biyu masu fuskantar juna a lokaci guda. Ga zoben alminiyon mai laushi, irin wanda ke zuwa da kekuna masu araha, ta fi ƙugiya ɗaya aminci don ta raba ƙarfin gida biyu, sai dai tana buƙatar zoben da tsagoginsa ke fuskantar juna, kuma gwargwadon matsin hannunka gwargwadon riƙonta. Trixie ta kamfanin Pedro's ta aljihu ce, da ƙugiya da bakin noti 15 a jiki ɗaya. Tana da amfani a hanya idan zobe ya yi sako-sako. Kafaffen zobe ya fi ƙarfinta. Guduma da sukuddireba kuwa, waɗanda su ne hannu ke fara kaiwa, suna faɗaɗa tsagar har ta zama gangare, bayan nan ko sufana mai kyau ba ta da wurin kamawa.

Sai bulalar. Abin da ya sa SR-18.2 ta zama dole ga wasu shi ne faɗin sarƙarta. Sifiroket ɗin fiksi iri biyu ne, mai kaurin inci 1/8 da mai 3/32. Bulalar da ake cire giyoyin keke mai canji da ita sarƙarta siririya ce, ba ta zama a kan haƙoran 1/8, sai dai ta ɗare samansu ta zame. Sarƙar SR-18.2 ta 1/8 ce, tana hawa iri biyun. Hannunta a rufe yake da roba shuɗiya, bai cin tafi. Ka naɗa doguwar sarƙar ta kama haƙora da yawa gwargwadon iko, gajeriyar da ke bakin ƙarfen ta zauna sosai a kan nata haƙoran, don idan haƙori biyu ko uku ne kawai ke ɗauke da nauyin, ko sarƙa ta tsalle ko fil ɗin da ya haɗa ta da hannun ya lanƙwashe.

Matsalarta lissafi ne. Mutum mai kilo 70 idan ya tsaya a kan feda mai tsawon milimita 170, yana ba da ƙarfin juyi kusan Nm 117 a wurin feda (Nm, wato nyuton-mita, shi ne ma'aunin ƙarfin juyi). Da giya mai haƙora 48 a gaba da 16 a baya, kashi ɗaya cikin uku ne ke isa sifiroket, kusan Nm 39. Bulala mai hannu wajen santimita 30 tana kwance wannan da dannin kilo 13 ko 14, abin da kowa zai iya. Amma sifiroket na ƙarfe da ya zauna a bushe a kan hob na alminiyon, ruwa na shiga tsakaninsu, alminiyon ɗin yana cinyewa ya zama farin gari mai cika ramin tiredin ya kumbura. A nan ƙarfin da ake buƙata yakan ƙaru sosai, kuma hannun bulala bai kai ba. Ana iya zura mata bututun ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, wanda dannin kilo 15 a ƙarshensa ya kai kusan Nm 150. Yana aiki, amma ba don haka aka ƙera ta ba, kuma sai an sami mutum na biyu ya riƙe tayar.

Ga wanda yake nesa da shagunan da ke sayar da irin waɗannan kaya, bulala ita ce wadda ba sai an yi odarta daga waje ba. Sarƙar manyan kekunan nan marasa canji irin su Phoenix da Hero ta 1/8 ce, kowane mai gyaran keke yana da tsofaffi a zube. Ƙarfe falle mai tsawon rabin mita, kaurin milimita 5 ko 6, a huda bakinsa a ɗaura guntuwar sarƙa mai gaɓa goma sha biyar zuwa ashirin, ya fi ta kamfani tsawo. Sufanar ƙugiya ce ke da wuyar kwaikwayo, don ƙarfen da mai walda zai yanka ba a gasa shi ya yi tauri ba, haƙorinsa zai lanƙwashe kafin zoben ya motsa.

Kafin a ƙara ƙarfi, a ba mai lokaci. Goge wurin da buroshin waya, kwantar da tayar sifiroket na sama, ɗiga man da ke ratsa tsatsa a layin da sifiroket ya haɗu da hob, gaba da baya, ka ɗan bubbuga haƙoran da ƙaramar guduma don girgizar ta ja man ciki, ka bar shi ya kwana. PB Blaster da Liquid Wrench sun fi WD-40 na yau da kullum ratsawa. Kalanzir ko man dizal suna taimakawa idan babu waɗancan. Man birki da kanikawa ke so yana cin fenti, kuma duk wani mai irin wannan idan ya gangara cikin boris zai wanke giris ɗinsu. Kada a sa rai da yawa: mai yana sassauta jar tsatsar ƙarfe fiye da yadda yake yi wa farin garin alminiyon.

Wuta kuma tana da tarko. Alminiyon yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, kuma a nan alminiyon ɗin ne a ciki. Idan ka gasa wurin duka har hob ya ɗau zafi, hob ɗin zai kumbura cikin sifiroket ya ƙara matsewa. Ko dai ka ba sifiroket ɗin zafi da sauri a kan haƙoransa ka juya nan take kafin zafin ya ratsa, ko ka ɗumama su duka ka bar su su huce sarai, sau biyu ko uku, don buɗewa da tsukewar su farfasa garin da ke tsakani, sannan ka gwada a sanyi. Tafasasshen ruwa ya isa wannan, kuma ba ya ƙona komai. Inda ake buƙatar zafi na gaske shi ne idan an sa jan gam ɗin tiredi na Loctite, wanda ba ya saki sai wajen digiri 250 a ma'aunin Selsiyas. Shuɗin ba ya buƙatar wuta. Idan za a kai wannan zafi, a fara cire aksil da boris, don robar da ke rufe boris ba za ta jure ba, kuma kada a daɗe, dogon zafi yana rage wa alminiyon ƙwari.

Abin da ya fi bulala ƙarfi yana jikin keken kansa. Bayan an cire zoben kulle, mayar da tayar cikin firam ka ɗaure notinan aksil tamau. Sauke sarƙa daga babban faifan gaba ta kwanta a kan bututun gindin feda, ka naɗe bututun da tsumma mai kauri ko guntuwar tsohuwar taya. Sarƙar za ta yi sako-sako. Ɗauki rarar ta sama ka kwantar da ita a kan haƙoran gaba na sifiroket, ka juya tayar gaba a hankali har rarar ta zagayo ta shige ƙarƙashin layin sarƙar na ƙasa ta maƙale. Yanzu sifiroket ba ya iya juyawa. Kama tayar da hannu biyu, ɗaya a kowane gefe, ka juya ta gaba, wato yadda take juyawa idan keke na tafiya. Ana kiran dabarar rotafix. Daga aksil zuwa bayan taya mai girman 700c kusan santimita 34 ne, hannu biyu kowanne da kilo 20 sun ba da sama da Nm 130 ba tare da wani ya riƙe maka komai ba. Amma sifiroket mai haƙora 16 tsakiyarsa zuwa haƙori bai wuce milimita 33 ba, saboda haka jan da ke kan sarƙa da firam ya haura kilo 400. Firam na ƙarfe yana ɗauka. Na kabon ko siririn alminiyon bai kamata a gwada masa ba, kuma a fi so a yi da tsohuwar sarƙa. Kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne yin wannan da zoben kulle a jiki: ƙarfin zai tura zoben ya share tiredinsa daga hob ɗin.

Wanda yake da bais babba a kafe a tebur yana da hanya mafi sauƙi. Naɗa tsohuwar sarƙa a kan sifiroket, kifa tayar sifiroket na ƙasa, matse bakunan sarƙar biyu a bais dab da haƙoran, ko ka matse sifiroket ɗin kansa idan ka haƙura da shi. Ka kama rim kamar sitiyarin babbar mota ka juya saɓanin agogo kana kallo daga sama. Duk waɗannan hanyoyi sun dogara da rim da sifok, don haka kada a yanke sifok ko a warware tayar da niyyar ceto hob kafin a cire sifiroket. Hob tsirara ba shi da wurin kamawa, matse kunnuwansa da sifok ke shiga a bais kuwa murƙushe su ne.

Idan komai ya ƙi, sai yanka. Zoben kulle da tsagoginsa suka cinye, a yi masa tsaga biyu masu fuskantar juna da ƙaramar giranda mai siririn faifai, a tsaya saura kamar milimita ɗaya a kai tiredi, a sa kurfi cikin tsagar a murɗa, zai tsage. Sifiroket mai kyau gasasshen ƙarfe ne, zarto na hannu sai dai ya yi ta zamewa a kansa, faifan giranda ne ke cin sa. A yanka daga tsakanin haƙora biyu zuwa ciki, a tare sifok da kunnen hob da guntun kwano, a sa gilashin kare ido. Ɗan gurzuwa a wuri ɗaya a kan tiredin sifiroket ba ya hana hob aiki. Tiredin zoben ne ba ya jure wasa, don zarensa 'yan kaɗan ne.

Wajen mayarwa, a wanke tiredin da buroshin tagulla, a shafa giris ko man hana kafewa a hawa biyun, a shigar da sifiroket da yatsu har ƙarshe kafin a sa masa bulala. Idan ya yi tauri tun juyin farko, ya hau a karkace, a fitar a sake. Bayan an ɗaure zoben, a hau keken a taka da ƙarfi na ɗan lokaci, sifiroket zai ƙara shiga ya bar rata, sai a dawo a sake ɗaure zoben da sufana. Idan sabon zobe za a saya, a tabbatar da girmansa: na Shimano da yawancin hob ɗin Taiwan da Japan inci 1.29 ne, na Campagnolo da Phil Wood da Miche kuwa inci 1.32. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, shi ya sa babban yake hawa kan ƙaramin hob kamar ya dace, sannan ya share tiredin a tsayawar farko mai ƙarfi.